Tsofaffin Hotuna Da Takardun Zango: Haya Ake Bayarwa, Ba Sayarwa Ba

 Maganar da muke tafe da ita a yau ta shafi wata haja ce da yawancinmu muke da ita a ƙarƙashin gado ko a cikin tsohuwar adaka, amma ba mu san darajarta ba sai ranar da ta bar hannunmu. Muna nufin tsofaffin hotuna da kaset-kaset da fayafayen garmaho da takardun ajami da iyaye da kakanni suka bari a gidajen Zango.

A 'yan shekarun baya, muna cikin tattara tarihin unguwanni domin wani shiri da muke gabatarwa a gidan rediyon da muke aiki, sai aka yi mana kwatancen gidan wani marigayi mai ɗaukar hoto, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana ɗaukar hotunan aure da suna da Maulidi da tarbar alhazai a Nima da Mamobi. Da muka je, 'ya'yansa suka ce ai mun makara, domin kuwa wani baƙo daga Turai ya zo da tafintansa, aka nuna masa akwatin ƙarfe cike da nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ya taya, aka sallama masa. Kuɗin da ya bayar ba su kai na buhun shinkafa uku ba, kuma ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Bayan wani lokaci sai wani jikan gidan ya ci karo da hoton bikin kakarsa a intanet, an liƙa masa farashi da dala, babu sunan wanda ya ɗauka, babu sunan amarya, abin da aka rubuta kawai shi ne wai wasu mata Musulmi a Afirka ta Yamma. Mu kanmu da muka nemi mu sa hoton a takardar tallar shirinmu, ce mana aka yi sai mun biya. Abin nan da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu ce baƙon nan ya yi sata ba, tunda tayawa ya yi aka sallama masa a gaban kowa. Abin da muke cewa shi ne, akwai kayan da ake sayarwa, akwai kuma waɗanda haya kawai ake bayarwa, kuma babu wanda ya kai ɗan kasuwa sanin wannan bambanci. Mai rumfa a bakin tasha ba ya sayar da ita don kuɗin cefanen mako guda, sai dai ya ba da haya, ya karɓa bana, ya karɓa baɗi, 'ya'yansa su gada su ci gaba da karɓa. A ra'ayinmu kayan tarihin Zango tamkar wannan rumfa suke. A ba da hayarsu a rubuce ga duk mai son ya ci riba da su, sannan kuɗin hayar ya riƙa isa gidan da kayan suka fito.

Bari mu fara da bayanin yadda wannan ciniki yake gudana a duniya, domin rashin sani ya fi dare duhu. Ma'adanar tarihi, wato gidan da ake ajiye tsofaffin takardu da hotuna da fina-finai, ba ta rabuwa da ainihin kayanta. Abin da take sayarwa shi ne izini, wanda ake kira lasisi. Idan mai shirya fim ko kamfanin talla ko mai buga littafi yana son hoto guda, ko daƙiƙa 30 daga wani tsohon fim, sai a tambaye shi me zai yi da shi, a wace ƙasa za a nuna, har tsawon shekara nawa, kwafi nawa zai buga. Da amsar da ya bayar ake yanka masa farashi. Ɗalibi mai bincike kan biya kaɗan ko ma a yafe masa, mai tallar lemo ko wayar hannu kuwa ya biya da tsada. Idan wa'adi ya cika izini ya ƙare, kaya na nan a hannun mai su, gobe wani ya zo ya sake biya. Ke nan hoto ɗaya ana iya ba da hayarsa sau ɗari bai ragu da komai ba, abin da huhun goro ko turmin atamfa ba za su taɓa yi ba.

Misalan wannan ciniki suna da yawa, kuma wasunsu da kayanmu ake yin su. Kamfanin British Pathé na Ingila, wanda ya ɗauki labaran majigi a zamanin mulkin mallaka, ciki har da bikin samun 'yancin Gana na ranar 6 ga Maris 1957, ya zuba fina-finai 85,000 a YouTube a shekarar 2014. Kallo kyauta ne, amma duk wanda zai yanki wani ɓangare ya sa a fim ɗinsa na kasuwa, ko da ɗan Gana ne, sai ya biya. Haka kamfanonin hotuna irin su Getty Images da Alamy suke sayar da kwafin zane-zanen da jaridun Landan suka buga na sojojin Hausa da suka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, waɗanda wasunsu suka zauna a nan Ankara bayan yaƙin. Bugu da ƙari, a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa da Yarabanci da Fanti da Ga, aka riƙa kawo fayafayen ana sayarwa a garuruwanmu. Bayan shekara 80, wato a 2008, wani kamfanin faifai na Landan mai suna Honest Jon's ya shiga rumbun kamfanin EMI da ya gaji fayafayen, ya zaɓo wasu ya sake fitar da su kasuwa. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

To mu mutanen Zango, ina namu kayan suke? Wasu suna nan kusa da mu. A unguwar Adabraka hukumar adana takardun gwamnati take, wadda aka fi sani da PRAAD, inda ake ajiye takardun da aka fara tattarawa tun 1946, kuma tana da rassa a Kumasi da Tamale da wasu manyan garuruwa. A irin waɗannan fayil-fayil ne ake samun ƙorafe-ƙorafen da shugabannin Musulmin Ankara suka rubuta wa Turawa da rigingimun sarauta da na filaye, tun daga zamanin Malam Naino da ɗansa Malam Bako wanda ya kafa Sabon Zango, har zuwa kafuwar Nima a hannun Malam Amadu Futa a farkon shekarun 1930. Wasu kayan suna Jami'ar Legon, musamman rubuce-rubucen malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Karaci, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a Salaga, ya koma Karaci bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a 1934. Shi ne ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich tarihin ƙasar Hausa da al'adunta da ajami, aka tafi da su Turai aka buga. Wasu kuma suna ƙasar Siwizalan a hannun 'yan mishan na Basel, waɗanda suka zo ƙasar nan tun 1828 suka ɗauki dubban hotuna, har da na fataken Hausawa. Ga kuma gidan rediyon ƙasa na GBC, wanda ya samo asali tun 1935, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana watsa shirye-shirye da Hausa.

Wani zai ce, to don me za a ce sai an biya kafin a taɓa abin da ya zama tarihin jama'a? Amsa ita ce ajiya tana da tsada. Takarda tana da abokan gaba, gara da ɓera da ɗanshi. Kaset yana laushi ya manne, fim yana narkewa idan babu ɗaki mai sanyi dare da rana, ga kuɗin wuta, ga albashin ma'aikata, ga na'urorin mayar da kaya cikin kwamfuta. Mun ga abin da ya faru a shekarar 1989, lokacin da gobara ta cinye ɗakin ajiyar sauti da hotuna na GBC, inda muryoyi da hotunan shekaru masu yawa suka zama toka cikin yini guda. Allah Ya taimaka ɗakin fayafayen garmaho ya tsira, kuma daga baya da tallafin ƙasar Jamus aka kwafe dubban fayafayen zuwa kwamfuta. Saboda haka idan ma'adana ta karɓi kuɗi a hannun mai tallar da zai ci ribar miliyoyi, ba zalunci ta yi ba. Dillali ma yana da la'adarsa, fatoman da ya sauki baƙo ya ajiye masa kaya yana da haƙƙinsa. Abin da ba a yarda da shi a kasuwa ba shi ne dillali ya haɗa da la'ada da uwar kuɗi ya zuba a aljihu.

Ita kanta gwamnati ta taɓa yin irin kuskuren 'ya'yan mai hoton Nima. A shekarar 1996 aka sayar da kashi 70 cikin 100 na kamfanin shirya fina-finai na ƙasa, wanda ya samo asali daga sashen majigin da Turawa suka kafa a 1948, ga wani kamfanin talabijin na ƙasar Malesiya, wanda ya buɗe tashar TV3 a 1997. Masu saye talabijin ce a gabansu, tsofaffin fina-finai ba su ne hajarsu ba, kuma masu harkar fim na ƙasar nan sun daɗe suna kokawa a kan yadda aka yi watsi da tarin fina-finan har da yawa suka lalace. Abin da ya ceci wani ɓangare na tarihin zamanin Nkrumah shi ne nagatif fiye da 1,000 da aka ajiye a Landan, waɗanda mai ɗaukar masa hoto, Chris Hesse, ya yi ta fafutikar ganin ba a manta da su ba har tsufansa. Da hayar ginin aka bayar aka ware kayan tarihin, da yau ba a wannan magana ake ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma waɗanda suka bi hanyar da ta dace, kuma ya kamata a yaba musu. A shekarun 1960, masu bincike na Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, irin su Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo, sun zaga garuruwa suna neman littattafan Larabci da na ajami a hannun malamai. Aro suke karɓa, su kwafa, su mayar wa mai abu da abinsa. Da haka jami'a ta tara ɗaruruwan rubuce-rubuce ba tare da ta raba gidajen malamai da gadonsu ba. Haka nan James Barnor, mai ɗaukar hoton nan da aka haifa a 1929, wanda ya buɗe shagonsa a Jamestown a shekarun 1950, ya riƙe nagatif ɗinsa shekara da shekaru lokacin da babu mai tayawa. Da duniya ta farga da aikinsa har aka baje kolin hotunansa a Landan a 2021, da sunansa aka baje su, kuma da shi ake yin ciniki. Bambancinsa da mai hoton Nima ba a gwaninta yake ba. Shi akwatinsa bai bar hannunsa ba.

Yanzu kuma bari mu zo ga inda gizo ke saƙa, wato idan an biya kuɗin, hannun wa suke shiga? A shekarar 1990 mawaƙin Amurka Paul Simon ya fitar da wani faifai da ya ɗora ɗaya daga cikin waƙoƙinsa a kan kiɗan tsohuwar waƙar nan ta Gana mai suna Yaa Amponsah, wadda Kwame Asare, da ake kira Jacob Sam, da abokan kiɗansa suka naɗa a Landan a 1928. Bawan Allah bai ɓoye ba, ya aiko da dubban daloli Gana. To sai dai hukuma ta yanke cewa waƙar gadon gargajiya ce, ba ta mutum ɗaya ba, saboda haka kuɗin suka shiga hannun gwamnati, kuma da su aka kafa Hukumar Kula da Gadon Gargajiya ta Ƙasa a 1991. Baƙo ya sauke nauyin da ke kansa, amma gidan wanda ya fara naɗar waƙar ba shi ne ya karɓi hayar ba.

Daga nan ne aka zo ga dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2005, wadda ake kira doka ta 690, kuma muna roƙon 'yan kasuwa su buɗe kunne a nan. Dokar ta ce haƙƙin mai fasaha yana nan muddin ransa, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, ga magadansa. Amma abin da ya zama gadon gargajiya, wato wanda al'ummomin Gana suka ƙirƙira ko wani ɗan Gana da ba a san ko wane ne ba, ciki har da zanen kente da na adinkra, haƙƙinsa yana hannun Shugaban Ƙasa a matsayin amana a madadin jama'a, kuma ba ya ƙarewa har abada. Duk mai son ya yi kasuwanci da shi, baƙo ne ko ɗan gida, sai ya nemi izinin hukumar ya biya. Har ila yau dokar ta hana sayarwa ko baje kolin kwafin irin waɗannan kaya ba tare da izinin hukumar a rubuce ba, ko a cikin ƙasa aka yi su ko daga waje aka shigo da su, tare da tanadin tara ko ɗauri. Ke nan bisa lafazin dokar, Hajiyar da ta saro yadi mai zanen adinkra da aka bugo a ƙasar Sin ta shigo da shi ta Aflao, maganar ta shafe ta. Ko ba a tare ta jiya ba, dokar tana nan a rubuce. Mawaƙa da masana da dama, ciki har da Farfesa John Collins na Legon wanda shi kansa ya taɓa zama a hukumar, sun yi adawa da a ce ɗan ƙasa sai ya biya haraji kafin ya taɓa gadon kakansa, kuma muna ganin suna da gaskiya.

A nan muna da tambaya ga mahukunta. Waƙoƙin aure da matan Zango ke yi, da kiɗan kalangu, da tatsuniyoyin da aka shafe fiye da shekara 100 ana yi a Salaga da Kumasi da Ankara, shin gadon gargajiyar Gana ne ko ba shi ba ne? Idan shi ne, to Zango na da kaso a cikin abin da ake tarawa, kuma tana da haƙƙin a saurare ta kafin a ba wani izini. Idan kuwa ba shi ba ne, to wa ke tsare shi? Ba mu manta da dokar korar baƙi ta ranar 18 ga Nuwamba 1969 ba, wadda gwamnatin Dokta Busia ta ba da wa'adin mako biyu, inda iyalai da yawa suka tashi da abin da za su iya ɗauka a ka, takardu da hotuna suka watse. Har yau matashin Zango kan sha tambayoyi kafin a yarda cewa ɗan ƙasa ne. Bai kamata a ce ranar neman takarda mu baƙi ne, ranar tara kuɗin gado kuma mu 'yan gida ne ba. Kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke cewa kada a sayar. Tsohon hoton kakanka a gaban masallacin unguwa, ko takardar filin da aka rubuta da ajami, shaida ce ta cewa a nan aka binne cibiyarku. Wanda ya sayar da ita ya sayar da hujjar jikokinsa.

Mun san akwai 'yan'uwa masu ganin cewa ilimi ba abin sayarwa ba ne, malaman da suka rubuta littattafan nan don Allah suka rubuta, saboda haka a bar kowa ya ɗiba. Mun yarda da rabin wannan magana. Almajirin da zai karanta, da ɗalibin da zai yi bincike, da jikan da ke son hoton kakarsa ya rataya a ɗaki, bai kamata a ɗora musu kuɗin da ya wuce na takarda da tawada ba, kuma ita kanta dokar ta yi rangwame ga amfanin kai da koyarwa da ba da labari. Amma wanda zai buga hoton malamin a jikin riga ko kalanda ya sayar, ko ya sa muryarsa a talla, ai shi ba don Allah yake yi ba, don riba yake yi. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Idan an ce kowa ya ɗiba kyauta, mai babban kwando ne zai kwashe, kuma mun san ba mu ne masu babban kwandon ba.

Sai dai fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Yadda muke kukan ana cin haƙƙinmu, haka mu ma muke cin na wasu. A kowace kasuwar kan iyaka akwai rumfar masu tura waƙoƙi a waya, inda ake loda wa mutum waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma ko sisi ba ya isa ga magada. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Bisa lissafin shekara 70 da dokar Gana da ta Nijeriya suka tanada, waƙoƙin Shata suna da masu su har zuwa 2069. Kowace ƙasa da muke ratsawa tana da ofishin da ke karɓar irin wannan kuɗi, GHAMRO a Gana, BUTODRA a Togo, BBDA a Burkina Faso, BNDA a Nijar. Ba muna cewa a kori yaran nan daga sana'arsu ba ne, domin da ita suke ci. Muna cewa ƙungiyoyinsu su zauna da waɗannan ofisoshi da magada a yanka wani abu mai sauƙi na wata ko na shekara, kamar yadda ake biyan kuɗin rumfa. Wanda bai biya haƙƙin Shata ba, da wane baki zai nemi baƙo ya biya na kakansa?

To ina mafita? Da farko muna kira ga iyalai. Duk wanda ke da irin waɗannan kaya kada ya rabu da na ainihi ko nawa aka taya. Mai so ya zo gida ya kwafa a gaban idonku, ya bar muku kwafi ɗaya, ya bar muku abinku. A rubuta takarda a gaban shaidu biyu da mai unguwa ko liman, a faɗi hoto nawa ne, me za a yi da su, a wace ƙasa, shekara nawa, nawa za a biya yanzu, kashi nawa za a riƙa bayarwa idan an sake sayarwa, kuma dole a rubuta sunan wanda ya ɗauka. A sa sharaɗin cewa ba za a sa hoton iyayenmu mata ko na malamai a tallar giya ko caca ba, domin mutunci ya fi kuɗi. Waɗanda suka riga suka sayar kuma kada su fid da rai, domin a doka sayar da takarda ko nagatif daban, miƙa haƙƙin mallaka daban, shi na biyun sai da rubutu da sa hannu. Amma fa sai kun iya nuna cewa mahaifinku ne ya ɗauka, don haka a adana littafin shago da rasit da duk hoton da ke ɗauke da hatiminsa a baya.

Na biyu, muna kira ga ma'adanai na gida da na waje da Hukumar Gadon Gargajiya. Su manna farashinsu a fili yadda kowa zai gani, kamar yadda ake manna kuɗin mota a tasha. Su bambanta tsakanin babban kamfani da ƙaramin ɗan kasuwa, da kuma jikan da ya zo neman tarihin gidansu. Idan an san gidan da abu ya fito, a nemi magada a ba su kasonsu. Idan ba a sani ba amma an san unguwar, a mayar da wani abu ga makarantarta ko ɗakin karatunta. Kuma a riƙa bayyana wa jama'a duk shekara abin da aka tara da inda aka kai shi, domin amana ce dokar ta kira shi, kuma mai riƙon amana ba ya jin haushin lissafi. Ga 'yan majalisarmu kuma, lokaci ya yi da za a sake duba sashen dokar 2005 da ya haɗa ƙaramin ɗan kasuwa da mawaƙin gida a ma'auni ɗaya da kamfanonin ƙasashen waje.

Na uku, sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kai a samar da ɗaki guda a Nima ko Sabon Zango, da na'urar kwafi da matasa biyu ko uku da aka koya wa aikin, inda kowane gida zai kawo kayansa a kwafa, a rubuta sunayen mutanen da ke cikin hoto tun tsofaffin da suka san su suna da rai, a mayar masa da abinsa. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin darasin gobarar 1989 ya ishe mu. Duk baƙon da ya zo neman kayan tarihi a kai shi can, a yi cinikin a fili, ɗakin ya cire la'adarsa, mai kaya ya karɓi nasa. Wannan ba sabon tsari ba ne a wurinmu. Da shi kakanninmu suka yi fataucin goro daga Gwanja zuwa Kano, baƙo ya sauka gidan fatoma, dillali ya haɗa ciniki, kowa ya tashi da haƙƙinsa.

Daga ƙarshe, Alhazai da Hajiyoyi, idan an tashi kasuwa aka koma gida, a buɗe adakar nan a duba abin da ke ciki, a kira tsohuwar gida ta faɗi sunayen waɗanda ke cikin hotunan, a rubuta a baya da fensir, a ɗaga kayan daga ƙasa saboda ruwan damina. Idan mai taye ya zo ya zube kuɗi a tabarma, a ce masa albarka, sannan a tambaye shi ko yana son haya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu riƙe amanar da suka bar mana, amin.